Gada tara zuwa ruwan Wli: ranar da yaran Nima suka ga rafi da idonsu

A zangon karatun da ya wuce, ina koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare darasin koguna, sai na ce kowa ya rufe littafi ya faɗa mini ruwa mai gudu guda ɗaya da ya taɓa gani da idonsa. Wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu. "Ticha, babbar kwata." Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara. Amma da na koma ofis na zauna, dariyar ta tsaya mini a wuya, domin yaron bai yi ƙarya ba. Duk wanda aka haifa a Nima ko Mamobi, ruwa mai gudun da ya sani shi ne wancan baƙin ruwan da ya raba unguwannin biyu, mai jan leda da robobi da abin da baki ba zai faɗa ba, ya gangara Odaw, daga can ya zube a Korle. Teku kam sun san shi, kowace Sallah suna can bakin ruwa. Amma rafi, wanda za ka tsaya a kansa ka ga tsakuwar da ke ƙasa, cikin yara 38 mutum huɗu ne kacal suka ce sun gani, su ma a hutu ne da aka kai su wurin kakanni a arewa.

A daren nan na tuna da Hohoe. A can na yi shekara uku a kwalejin horar da malamai ta St. Francis, kuma tazarar kilomita 20 ko makamancin haka daga garin akwai Wli, inda rafin Agumatsa yake faɗowa daga kan dutse a bakin iyakarmu da Togo. Ana rubuta Wli, amma masu garin, Ewe, "Vli" suke faɗa. Sau biyu na je ina ɗalibi, kuma abin da ya fi zauna mini a rai ba mafaɗar ruwan ba ce, hanyar zuwa ce: turba ce shimfiɗaɗɗiya da ta bi gefen rafi cikin kurmi, tana tsallaka shi sau tara a kan 'yan gadoji, babu hawa babu gangara na a zo a gani. Babba mai lafiya minti 45 ya ishe shi.

Da na kai maganar ɗakin malamai, wani abokin aikina matashi ya ce in dai za a sha wahalar zuwa Volta, to a hau Afadjato mana, dutsen da littafinmu na makaranta ya ce tsayinsa mita 885, a ɗauki hoto a ƙololuwa a sa a Facebook, duniya ta san makarantarmu ta je. A ganinsa hanyar Wli ta tsofaffi ce. Na ce masa ai dalilin da ya sa na zaɓe ta ke nan. A ajina akwai yarinyar da ƙafarta ta hagu ba ta da ƙarfi tun haihuwa, akwai masu asma biyu, akwai waɗanda tafiyarsu mafi nisa ita ce daga gida zuwa kasuwar Nima. Wanda yake hawan dutse mai tsauri ba ya ganin komai sai takalminsa, ba ya jin komai sai numfashinsa. Ni kuwa ba gasar ƙarfi nake nema ba, so nake su sami sararin kallo da tambaya.

Shawo kan malamai bai yi wuya ba. Iyaye ne aikin.

Kowa a ƙasar nan yana tune da Kintampo. Ranar Lahadi 19 ga Maris, 2017, iska mai ƙarfi ta kayar da wata babbar bishiya a mafaɗar ruwan can, ta faɗo kan mutanen da ke wanka a ƙasa. Aƙalla mutum 18 suka rasu, galibinsu ɗaliban sakandare daga Wenchi da suka je yawon buɗe ido irin wanda nake shirin yi. Tun daga lokacin, in ka ce wa uwa a Zango za ka kai ɗanta wurin ruwa da dutse, sai ta dube ka kamar ka ce za ka kai shi bakin kura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinsu ba.

A taron iyaye, mahaifin yarinyar nan mai rauni a ƙafa, tela ne dattijo mai magana a hankali, ya miƙe ya ce: "Ticha, ba mu ƙi ilimi ba. Amma ni 'yata guda ce. Ruwa da dutse da bishiya, duk abin da ya ci yaran Kintampo akwai shi a wurin nan da kake yabo. In hadari ya taso kana tsakiyar daji da yara talatin, kuma ɗaya ba ta iya gudu, me za ka yi?"

Na ce, "Baba, in na ga sama ta canza, ko minti biyar muka yi da isa, za mu juyo." Ya ce in sake faɗa a gaban jama'a. Na sake. Shugabar makarantarmu, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce ita ma da ƙafarta za ta je, duk da ciwon gwiwar da take fama da shi. Wannan ne ya karya gardamar. Aka rubuta takardar neman izini zuwa ofishin ilimi, kowane uba ya sa hannu a tasa, aka tara kuɗin mota kaɗan-kaɗan cikin mako shida. A ƙarshe yara 31 suka samu zuwa, da manya biyar: ni, Hajiya, matashin malamin nan, malamin Arabiyya da muke kira Mu'allim, da wata uwa mai sayar da wake da shinkafa wadda ta ce ba za ta bar 'ya'yan mutane su ci abincin da ba ta san hannun da ya dafa ba.

Mun tashi ranar wata Asabar a ƙarshen Oktoba, ana idar da sallar Asuba. Muka bi Tema, muka ɗauki hanyar Akosombo. A Shai Hills gwaggon biri sun fito bakin titi kamar masu jiran mota, bas ta kaure da ihu. A Atimpoku mata suka yi wa tagogi caa da abolo da 'yan mitsi-mitsin soyayyen kifin nan, sannan muka hau gadar Adomi, wadda aka buɗe a watan Janairun 1957, 'yan makonni kafin samun 'yancin kai. Na tuna musu cewa ita ce a jikin kwandalar pesuwa ɗaya, amma babu wanda ya taɓa riƙe kwandalar a cikinsu, don yanzu ko alewa ba ta saya. Na ce su dubi kogin Volta da ke ƙarƙashinmu da kyau, za mu dawo kan maganarsa. Daga nan Peki, Kpeve, Golokwati, duwatsu suna ta matsowa daga hannun dama, har Hohoe. Ƙarfe goma da rabi ta wuce muka sauka a Wli.

Ƙauyen yana kwance ne a gindin dutse, kuma bayan dutsen Togo ce. Yankin nan duka a hannun Jamus yake kafin 1914, daga baya aka raba shi tsakanin Ingila da Faransa, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 9 ga Mayu, 1956 ɓangaren Ingila ya zaɓi haɗewa da mu. Na fara wannan bayani da zafina, na lura babu mai saurare, duk idonsu na kan wani farin zare da ke rataye can sama a jikin dutse. Mafaɗar sama ce. Ita sai an yi hawa na sa'o'i kafin a kai, ba tamu ba ce. Tamu ta ƙasa ce, ba a ganinta sai an shiga.

A ofishin baƙi muka biya kuɗin shiga, na ɗalibai ya fi na manya sauƙi, aka haɗa mu da mai rakiya. Mutum ne siriri mai furfura jefi-jefi, da takalmin roba da sanda. Ya tarbe mu da "Woezɔ", wato barka da zuwa, na koya wa yara su amsa da "Yoo". Ni ina kiransa Efo, yadda ake girmama namiji babba a can. Tun kafin mu ɗaga ƙafa na gaya masa alkawarin da na ɗauka a Nima. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce safiya tamu ce, amma bayan ƙarfe ɗaya ba ya ɗaukar wa kowa alkawari a wannan wata. Muka tsara tafiya: Efo a gaba, Hajiya da yarinyar nan a bayansa don su ne za su ƙayyade saurin kowa, ni a can ƙarshe. Kuma a kowace gada za a tsaya in ƙirga kai 31.

Farkon hanyar gonaki ne. Rogo, gwaza, ayaba, kwakwar manja, sai bishiyoyin koko a inuwa. Koko na cakulan nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai da safe ba. Yaran nan sun haddace cewa Tetteh Quarshie ne ya kawo irinsa daga Fernando Po a 1879, sun rubuta a jarrabawa sun ci maki, amma da suka ga 'ya'yan suna fitowa daga jikin kututture kai tsaye, ba daga reshe kamar mangwaro ba, sai suka yi cirko-cirko. Efo ya yi magana da mai gonar, aka ba mu guda biyu, ya buga ɗaya a jikin ɗaya ya fasa. Kowa ya tsotsi farin naman da ke lulluɓe da ƙwayar, mai zaƙi da ɗan tsami. Wata ta tauna ƙwayar ta tofar, ta ce wallahi an cuce su, wannan ɗacin ba shi ne Milo ba.

Kafin gada ta farko mun fara jin sa. Ba ƙara ba ce, wani ɗan surutu ne kamar mata suna hira a ɗaki na kusa. Da muka hau gadar, surutun yara ya ɗauke ɗif. Faɗin rafin bai fi taku goma ba, zurfinsa a nan bai wuce ƙauri ba, yana bi ta kan duwatsu masu santsi, kuma kana ganin komai: tsakuwa ja da fara, ganyen da ya nutse, 'yan kifaye kamar yatsa suna tsaye suna fuskantar inda ruwan ke zuwa. Yaron nan mai babbar kwata ya durƙusa ya leƙa ta tsakanin katako, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Ticha, wa ke wanke shi?"

Tambayar ta fi duk wadda na shirya a takarda. Na ce ya riƙe ta, kurmin zai ba shi amsa.

Daga gada ta biyu zuwa ta uku gonaki suka ƙare, bishiyoyi suka haɗe a sama, rana ta koma 'yan ɗigo-ɗigo a ƙasa. Sanyi ya sauko mana kamar an buɗe firji. Ga rimi mai saiwoyi kamar bangon ɗaki, yara shida suka shige tsakanin biyu suka ɓace. Ga odum, wanda kafintocinmu ke yi wa kirari, a tsaye da ransa, sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensa. Ga gora cunkus a bakin ruwa tana ƙara in iska ta taɓa ta. A nan na sa kowa ya tsuguna ya tona ƙasa da yatsa. Ba ƙasa suka fara tararwa ba, ruɓaɓɓen ganye ne mai laima, kauri guda, da saiwoyi sirara a saƙe kamar tabarma. Na ce to ga mai wankin. Ruwan sama in ya sauko, ganyen sama ya karya ƙarfinsa, wannan shimfiɗar ta shanye shi kamar soso, saiwoyi su riƙe ƙasa kada ta bi shi, sannan ya riƙa tsattsafowa cikin rafi a hankali, a tace. Shi ya sa Agumatsa ba ya ƙafewa ko da hunturu. A unguwarmu kuwa ruwa kan kwano yake sauka, ya faɗa kan siminti, babu abin da zai tsayar da shi, cikin minti goma duk ya taru a kwata da duk abin da ya tarar a hanya. Waɗanda suka girme su suna tune da daren 3 ga Yuni, 2015 a Circle. Wata yarinya ta ce ita a talabijin ta ga Pra da Ankobra, launinsu kamar kunu. Na ce wancan kuma aikin galamse ne: an sare irin wannan kurmin, an kwashe irin wannan shimfiɗar, an wanke ƙasar cikin kogi don neman zinariya.

Ba duk tafiyar ce darasi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Mafi yawanta shirme ne mai daɗi. A wani ɗan yashi mai laima muka tarar da malam-buɗe-littafi sun fi hamsin a zaune, fari da rawaya da wani shuɗi mai sheƙi, suna tsotsar gishirin ƙasa. Ɗaya ya tashi ya sauka kan hular Mu'allim da ta jiƙe da gumi, ya yi ta buɗe fiffike yana rufewa. Wani shaƙiyyi ya ce, "Mu'allim, abokin aikinka ya zo karɓar hadda." Shi kansa Mu'allim sai da ya riƙe ciki. Gaba kaɗan Efo ya ɗaga sanda, kowa ya tsaya: kwarkwasa ce ta yanke hanya, baƙin layi mai faɗin tafin hannu. Ya ce a tsallaka da faɗi, kada a taka, kada a tsaya kallo a kusa. Ranar na ga Hajiya ta yi tsallen da ban taɓa zaton gwiwarta za ta yarda ba.

A gada ta biyar abin kunya ya same mu. Ina cikin ƙirga, sai na ga ledar ruwa ta tashi daga tsakiyar layi ta faɗa rafi. Efo bai ɗaga murya ba. Ya tsaya kawai, ya nuna ta da sanda tana juyi a bayan wani dutse, ya ce ba za mu wuce ba sai mai ita ya ɗauko. Shiru. Can sai yaron nan dai, mai tambayar wanki, ya fito yana sunkuyar da kai. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ticha, ai ruwa zai tafi da ita."

Ban iya yi masa faɗa ba. Abin da ya gani ke nan tun yana goye: a miƙa wa ruwa shara ya tafi da ita, inda ya kai ta ba ruwan kowa. Manya ma haka suke yi in hadari ya haɗo, da kwandunansu. Sai na ce to bari mu bi ledar mu ga inda za ta. Agumatsa daga tsaunukan Togo yake fitowa. In ya bar nan zai shiga kogin Dayi wanda ya bi ta Hohoe, Dayi ya zube a tafkin Volta, ruwan tafkin ya bi ta injinan Akosombo ya ba mu wuta, ya wuce ƙarƙashin gadar Adomi da muka hau da safe, ya isa Kpong. A Kpong kuwa ake tace ruwan da ake turo wa Tema da babban ɓangare na Ankara ta famfo. Na ce, "Ka ga inda za ta? Gida za ta riga ka." Ya cire takalmi, ya naɗe wando, Efo ya riƙe masa hannu ya shiga. Da ya fito ba leda ɗaya ya ɗauko ba, uku ne, biyu ba nasa ba. Daga nan har muka dawo, jakarsa ce ta zama kwandon shara, kuma shi ya naɗa kansa ɗan sanda.

Yarinyar telan fa? Ita ce a gaba duk tsawon hanya. Sau uku ta zauna ta huta a kan saiwa, duk muka tsaya, kuma a kowace tsayawa sai wani ya gano abin da da mun wuce shi: ƙaguwa a ƙarƙashin dutse, ƙadandoniya mai tsawon biro, wani naman kaza ja kamar an shafa masa janbaki. Tafiyar minti 45 ta ci mana sa'a ɗaya da rabi. Ban yi nadamar minti ɗaya ba.

Bayan gada ta bakwai hirar matan nan ta koma rugugi. Bayan ta tara iska ta fara bugo mu daga gaba, mai sanyi da feshi, alhali ko ganye ba ya motsi a bayanmu. Ruwan ne da kansa yake turo iskar in ya faɗo. Muka zagaya wata kwana, kurmi ya buɗe, sai ga shi.

Masu rakiya suna cewa tsayinsa ya kai mita 80, kuma shi ake kira mafi tsayi a Ghana. Ni dai abin da na gani shi ne katangar dutse ta kewaye mu kamar rabin ƙwarya, ruwa fari fat yana sulmiyowa daga can inda wuya ke ƙarewa, kafin ya iso ƙasa rabinsa ya zama hayaƙi. Ba a jin magana sai an yi ihu. Cikin minti biyu hijaban 'yan mata sun jiƙe ba tare da sun taɓa ruwa ba. Mai wake da shinkafa ta ajiye kwanonta, ta riƙe baki, tana ta "Ikon Allah, ikon Allah."

Sannan wani ya nuna jikin dutsen ya ce duwatsun suna motsi. Jemagu ne, dubbai, a manne da katangar suna ta tsuwa. Yaran suka gane su nan take, domin irin su ne a bishiyoyin asibitin sojoji na 37, waɗanda ke rufe sama da magariba. A Ankara kallon ƙazanta muke musu. Na gaya musu 'ya'yan itace suke ci, su tashi da dare su yi tafiya mai nisa, su zubar da ƙwayar a wani wuri, kuma odum ɗin da muka wuce yana cikin bishiyoyin da suke shukawa ta haka. Matashin malaminmu ya so a yi tafi da ihu don su tashi a ɗauki bidiyo. Efo ya girgiza kai. Ya ce barci suke, aikin dare suka yi.

Dokar ruwa ɗaya ce: ba mai wuce gwiwa, ba mai matsawa inda ruwan ke dukan ƙasa. Manya uku muka shiga muka yi shinge. Abin da ya biyo baya ba ya rubutuwa, sai dai in ce na ga yaran da ban taɓa jin muryarsu a aji ba suna ihu kamar an buɗe musu ƙofa.

Da lokacin Azahar ya yi, Mu'allim ya kira su gefe, ƙasa kaɗan inda rafin ya fita daga tafkin ya kwanta. Suka tsaya suna waige-waige, ana neman buta. Yaron nan ya matso ya ce, "Mu'allim, ya halatta a yi alwala da wannan?" Mu'allim ya ce, "Kai da ka karanta Ishmawi kake tambayata? Ɗebo. Launinsa ya canza?" A'a. "Sansana." Babu wari. "To ɗanɗanonsa fa?" Yaron ya kai baki, ya yi murmushi. Babin rabe-raben ruwa sun haddace shi tun suna 'yan shekara tara a makarantar allo, amma ruwan da suka sani ko na famfo ne, ko na leda, ko na kwata, ba su taɓa tsayawa gaban ruwan da za su auna da kansu ba. Ni kuma na sa baki da nawa: tsarki daban, lafiyar sha daban. Mutane suna wanka a sama, jemagu suna rataye a kai, don haka a kurkure a zubar, kada a haɗiye. Mu'allim ya ce wannan kuma fannin Ticha ne, a bi. Muka yi ƙasaru, muka haɗa Azahar da La'asar a kan tabarmar leda, rugugin ruwa ya sa sai da ido ake bin liman.

Ana sallamewa Efo ya taɓa kafaɗata. A cikin kwarin nan sama 'yar tsiri ce kake gani, kuma gefenta na gabas ya yi toka-toka. Ƙarfe ɗaya saura. Ko minti hamsin ba mu yi da isowa ba, ba a buɗe kwanon abinci ba, rabin yara ba su ɗauki hoto ba. Abokin aikina ya ce, "Haba Ticha, wannan ba zai yi ba, wucewa zai yi. Kilomita ɗari biyu muka yi fa." Gaskiya ni ma raina ya so in yarda da shi. Na dubi bishiyoyin da ke tsaye a leɓen dutse can sama da mu, na dubi yarinyar tana matse bakin siket, na ce a tattara.

An yi gunaguni, har da masu hawaye. Hajiya ta yi magana ɗaya kowa ya ɗauki jakarsa.

Komawar ba ta yi kama da zuwan ba. Babu tsayawa kallon ƙaguwa. Kurmin ya yi duhu kamar magariba, tsuntsaye suka yi tsit. Ina ƙirgawa a kowace gada, bakina yana 31 zuciyata tana Kintampo. Bayan mun tsallaka ta huɗu iska ta iso. A ƙasa ba ka jin ta sosai, a sama take aiki, kawunan bishiyoyi suna lanƙwasa, busassun rassa suna karyewa suna faɗowa nan da can cikin daji. Yarinyar ta fara jan ƙafa. Mai wake da shinkafa ta miƙa wa wani yaro kwanonta, ta kwance gyale, ta ce, "Zo nan 'yata, na goyi waɗanda suka fi ki." Yarinyar ta ce ita da ƙafarta ta zo, da ƙafarta za ta koma. Suka daidaita a kan ta dafa kafaɗa. Ruwan ya kece muna gada ta biyu, muka ƙarasa gonakin koko a jiƙe sharkaf. Da na waiga daga gada ta farko, rafin da muka bari garau da safe ya ɗan yi launin shayi, ya kuma hau duwatsun da ɗazu suke a waje.

A rumfar ofishin baƙi na yi ƙirga ta ƙarshe, sannan ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa. A nan aka buɗe wake da shinkafa da shito da dafaffen ƙwai, ana ci ana karkarwa ana dariya. Ruwan bai fi minti arba'in ba ya ɗauke, rana ta fito kamar ba ita ba. Abokin aikina ya dube ni ya ce, "Ka gani? Da mun jira." Na ce na gani.

Ga malamin da ke son kai nasa: ku isa da wuri, ku sa wanda ya fi kowa rauni a gaba, takalmi ya zama mai kama ƙasa ba silifa ba, kowane yaro da rigar canji a leda, kuma maganar mai rakiya a kan sama ta fi taku.

Ƙarfe tara da rabi na dare muka shigo Nima. Iyaye suna tsaye a ƙofar makaranta, telan yana cikinsu da tocila. 'Yarsa ta sauko a hankali, ta zaro wata robar ruwa daga jaka ta miƙa masa. Ashe tun da safe ta cika ta a gada ta farko, ban sani ba. Ya ɗaga ta, ya haska tocila ta bayanta, ya juya, ya sake juyawa. Ya ce, "Ticha, ba ku sa alif a ciki ba?" Na ce ko kaɗan, Baba. Ya tambaye ni ko an yi ruwa. Na ce an yi. Ya ce, "Kuna ina?" Yarinyar ta riga ni: "Muna hanyar dawowa. Ticha ya hana mu cin abinci."

Makon jiya na kai masa ɗinkin wando. Robar tana kan kanta, tsakanin zare da almakashi.